Bakin kogin da ke shiga teku ko babban bakin teku, ina ya fi dacewa a kai yara?

In kuna shirin fita bakin ruwa da iyali kuma a cikin tawagar akwai ƙananan yara, galibi zaɓi biyu ne a gabanku, ko dai babban bakin teku inda igiya ke dukan yashi ba dare ba rana, ko kuma irin ɗan ƙaramin wurin nan da ke can ciki kaɗan, inda kogi ya iso ƙarshen tafiyarsa yana shirin zubawa a teku, ruwa kwance lumui, yashi ɗan madaidaici, mutane ba su cika yawa ba. Bari in faɗi inda na karkata tun yanzu: in ƙaramin cikinku bai wuce shekara bakwai ko takwas ba, bakin kogin ya fi, amma fa da sharaɗi, kuma wanda ya je bai san sharaɗin nan ba gara ma a ce babban tekun ya nufa, don can aƙalla rugugin ruwan kaɗai zai sa ya riƙe hannun ɗansa gam.

Me ya sa ruwan wurin yake kwance tukuna? Igiyar teku iska ce ke tayar da ita tun daga can nesa, ta yi ta tafiya har sai ta iso inda ƙasa ta yi tudu ta fashe. Toh a mashigar kogi akwai tudun yashi da kogin da tekun suka haɗu suka tara, wani wurin kuma dutse ne, ko bangon duwatsu da aka jera saboda jirage, nan igiyar take karyewa ƙarfinta ya ƙare, abin da ke ƙarasowa ciki sai 'yar girgiza da ko gwiwar yaro ba ta kai ba. Shi ya sa ɗan shekara biyu zai zauna daɓas a ruwa iya cinyarsa yana ta facal-facal da bokitinsa babu abin da zai kayar da shi. A babban teku kuwa ko ranar da ake cewa ya lafa, igiya ɗaya da ta fashe daidai gaɓa ta isa ta kwashe ƙafar yaro ta kifar da shi, ruwan da ke komawa kuma ya zare yashin da yake tsaye a kai, ya sha ruwan gishiri ya miƙe yana tsala ihu, shikenan har a tashi ba zai sake yarda ya matsa kusa da ruwa ba. Ga shi kuma ruwan bakin kogi gauraye ne, na teku yana ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, na kogi kusan babu, haɗuwarsu sai ta ba da tsaka-tsaki wanda bai cika yaji a ido ba, kuma da yake ba zurfi rana na saurin ɗumama shi, yara sukan daɗe a ciki ba su fara karkarwa ba. Sai dai ruwan da gishirinsa bai da yawa ba ya ɗaga jiki kamar na teku, wanda ya saba kwanciya a saman ruwan teku zai ji ya ɗan yi nauyi a nan.

Yanzu ga sharaɗin. Teku yana cika yana janyewa, a yawancin gaɓar duniya sau biyu a kwana ɗaya, tsakanin cika da cika kusan awa 12 da minti 25, wato kamar awa shida yana shigowa awa shida yana fita, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kimanin minti 50, in jiya ƙarfe goma na safe ya cika to yau sai wajen sha ɗaya saura. Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. A buɗaɗɗen bakin teku mai gangare abin da cika da janyewa ke yi sau da yawa bai wuce ya sa ku ja shimfiɗarku baya ba. A bakin kogi kuwa shi ne komai, saboda duk ruwan da ya shiga ya malale cikin kogin tsawon kilomitoci dole ya fito ta 'yar ƙofa ɗayan nan cikin awa shida, ga kuma ruwan kogin kansa da ke gangarowa yana ƙara masa, abin kamar ka tuntsurar da randa ne ta cikin mazurari. Saman ruwan zai yi sumul, ba kumfa ba ƙara, amma jefa ɗan tsinke ka ga yadda zai wuce ka fiu, kuma ba ko'ina ya nufa ba sai mashiga, daidai inda ruwa mai fita ke karo da igiya mai shigowa, wurin da masu kwalekwale ma da inji a hannunsu suke shakka.

Masu jiragen ruwa suna da wani lissafi mai sauƙin riƙewa. In ka raba hawan ruwan ko saukarsa kashi 12, awa ta farko kashi 1 ne ke motsawa, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Ka ga kenan rabin ruwan gaba ɗaya a cikin awa biyun tsakiya yake wucewa, kuma galibi nan ne jan ruwan ya fi ƙarfi. Don haka lokacin shiga da yara shi ne kamar awa ɗaya ko biyu kafin ruwa ya cika har zuwa ɗan bayan cikar, lokacin gudun ya ragu, kafin ya juya ma yakan ɗan tsaya cak, ruwan da ke gabanku kuma sabon ruwan teku ne garau da ya shigo, in ma ya ja wani abu ciki zai kai shi ba waje ba. Da kun ga ya fara ja baya da ƙarfi a fito a koma wasan yashi. Jadawalin cika da janyewa kyauta ne, yana intanet, yana cikin manhajojin hasashen yanayi na waya, wurare da yawa ma an liƙa shi a allo a bakin ruwan, sai dai a lura jadawalin galibi na tashar jiragen da ta fi kusa ne, a cikin kogi kuma cikar takan makara, gwargwadon nisan da kuka shiga ciki gwargwadon makarar, gara a tambayi masunta ko masu kwalekwalen wurin, su kam kullum da shi suke aiki.

Kwanan wata ma na da nasa hannun. Wajen tsayuwar wata da kuma wajen 14 zuwa 16 ga wata, lokacin da rana da wata suka jeru a layi ɗaya da duniya, cikar takan yi tumbatsa janyewar ma ta yi nisa, jan ruwan kuma ya ƙaru sosai. Wajen 7 ko 8 da wajen 22 ko 23 kuwa abin yakan yi laushi. In kuna da damar zaɓar rana, waɗannan ranakun masu laushi sun fi kwanciyar hankali da ƙananan yara. Kuma ba duk gaɓa ce ɗaya ba, a mashigin ruwan Fundy da ke Kanada bambancin cika da janyewa yakan kai mita 16, a mashigar kogin Severn a Birtaniya yakan kai wajen mita 14, amma a yawancin gaɓar Bahar Rum ko rabin mita ba ya kaiwa. Tambayar farko kenan da ya kamata ku yi game da duk wurin da aka ba ku labari, nawa ruwan yake hawa da sauka?

In ruwa ya janye gaskiya akwai daɗi, ba zan ɓoye ba, nan ma bakin kogi ya yi wa babban teku fintinkau. Fili yakan buɗe fetal, ga 'yan kududdufai masu ɗumi da ƙananan kifaye suka maƙale a ciki, ga ɗaruruwan ƙaguwa suna gudu a karkace suna faɗawa ramukansu, ga tsuntsaye masu dogon baki suna caccakar laka, yaro mai son tambaya sai ya wuni bai gaji ba. Amma wannan filin shi ne kuma tarkon. Ruwa in zai dawo ba daga gabanku kawai yake zuwa a jere ba, ƙananan kwaruruka yake fara cikawa, wasu suna bayanku, kuna can kan tudun yashi kuna hoto sai ku waiga ku ga ruwa ya raba ku da gaɓa, kuma kwarin da kuka tsallaka ɗazu iya idon sawu yanzu ya kai ƙugu yana gudu. A watan Fabrairun 2004 a mashigin ruwan Morecambe a Ingila fiye da mutum 20 'yan ƙasar Sin da ke aikin tono a cikin yashi da dare ruwa ya rutsa da su a haka suka rasu, manya ne fa majiya ƙarfi. Sai kuma taɓo, wani gefen yashi ne mai tauri, taku kaɗan gaba laka ce da ke haɗiye ƙafa har gwiwa ta riƙe takalmi. Inda kuka ga ƙasa ta yi baƙi-baƙi tana sheƙi ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kar a bar yara su bi ta nan.

Wani abu kuma da ido zai iya gane muku tun kafin ku ajiye kaya, duk inda kogi ya yi kwana, gefen waje na kwanar shi ne mai zurfi da gudu, ruwa yana cin gaɓar yana zaftare ta, gefen ciki kuma nan yashi ke taruwa ya yi shimfiɗa a hankali. Ku zauna a gefen ciki. Kuma babba ya fara shiga ya taka ƙasan da ƙafarsa ya ji inda gangaren ya yanke, don a irin wurin nan za ka yi taku goma ruwa iya gwiwa, na sha ɗaya ka zurma hanyar jirage.

Toh shi babban tekun fa, nasa haɗarin yaya yake? Ba igiyar da ake gani ba ce ta fi cin mutane, wani jan ruwa ne da ke komawa ciki. Igiya na ta turo ruwa gaɓa, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya samu wani kwari tsakanin tudun yashi biyu ya bi ta nan a guje, faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 25 ba amma gudunsa yakan iya kaiwa mita biyu da rabi a daƙiƙa, wanda ko zakaran ninƙaya na gasar Olamfik ba zai iya turjewa ba. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ce fiye da kashi 80 cikin ɗari na ceton da ake yi a bakin teku mai igiya wannan jan ruwan ne sanadi. Abin haushin kuma shi ne wurin yakan fi ko'ina kyan gani, ruwan ya ɗan yi duhu, igiya ba ta fashewa a nan, sai uwa ko uba su ce yauwa ga wuri mai lafiya mu kai yara can, alhali kallon kitse ake wa rogo. Wanda ya faɗa ciki kar ya yi kokawa da ruwan don komawa gaɓa kai tsaye, gajiyar nan ita ke kashewa, ya kwanta ta baya ya huta, ya ɗaga hannu ya yi kira, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe har ya fita daga kwarin. Bambancin da ke tsakanin haɗarin biyu a ganina shi ne na kogi yana da agogo, kuna iya sanin lokacinsa tun kuna gida, wurinsa ma sananne ne, na teku kuwa yakan canza wuri bayan kowace guguwa kuma sai ƙwararren ido ke gane shi.

Wannan ya kawo mu inda babban teku ya yi nasara ba gardama, wato masu ceto. Manyan wuraren da jama'a ke tururuwa su ake ba ma'aikata da hasumiyar hange da jirgin ceto, ɗan ƙaramin bakin kogi kuwa sau da yawa babu kowa, ko kuma sai lokacin hutu kawai ake kawo su, wani wurin ma iyakarta allon gargaɗi da taya ɗaya ta ceto a rataye. A Ostareliya da Birtaniya da Niyu Zilan za ku ga tutoci biyu masu launin ja da rawaya, tsakaninsu ne wurin da aka duba aka ce a yi wanka kuma ana sa ido a kai, jar tuta zalla tana nufin kar a shiga sam, mai gida-gida baƙi da fari kamar allon dara ta masu hawan igiya da allo ce ba ta masu wanka ba, a Amurka kuma akwai shunayya mai nuna an ga halittu masu harbi a ruwa. Launukan sukan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a karanta allon da ke ƙofar shiga, minti biyu ne. In a cikin manyanku babu ko mutum ɗaya da ya iya ruwa sosai, ni dai na fi so ku je inda akwai masu ceto ko da babban tekun ne, ku tsaya tsakanin tutoci ruwa iya gwiwa, da ku je wurin da ya yi shiru ya yi kyau amma in wani abu ya faru sai dai a yi ta salati ana kallo.

Kuma ko da masu ceto ko babu, ba su ne masu renon yaranku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahoton da ta fitar a 2024 ta ƙiyasta mutum kusan 300,000 ne suka mutu sakamakon nutsewa a ruwa a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu ba ya fantsama ruwa yadda mutane ke zato, bakinsa na nitso yana ɓullowa, numfashin da zai yi kira da shi ma babu, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Nan ne kwanciyar ruwan kogi ke cutar da iyaye, hankali ya kwanta, wannan ya ɗauko waya, wancan ya kishingiɗa, kowa na zaton ɗayan ne ke kallo. A ware mutum ɗaya takamaimai, babba ba yayarsu 'yar shekara goma ba, aikinsa kallo kawai, bayan minti 15 ko 20 ya miƙa wa wani baki da baki, ɗan ƙasa da biyar kuma kar ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Robobin nan da ake hurawa, taya ce ko agwagwa ko katifa, kayan wasa ne ba kayan ceto ba, a kogi ruwa mai fita zai tafi da su da yaron a kai, a teku kuma iskar da ke kaɗawa daga tudu zuwa ruwa ce ke yin wannan aikin. Rigar ceto ta gaske mai maɗauri a tsakanin ƙafafu, daidai nauyin yaron, ita ce abin saye.

Maganar tsabta kuwa teku ne a gaba, kuma wannan ne aibin bakin kogi da masu tallan wuri ba sa so su ambata. Kogi duk abin da ya tarar a hanya sai ya kwaso, ruwan kwatami, takin gonaki, kashin dabbobi, man motocin da ruwan sama ya wanke daga titi, wani lokacin har bututun bahaya da ya cika ya yi ambaliya, kuma duk ta gabanku zai wuce. Babban teku yana saurin tsarwatsa ƙazanta saboda yawansa da motsinsa, ɗan kogi kuwa sai ya yi cika da janyewa da yawa kafin ya wanke kansa. Hukumomin jihar New South Wales a Ostareliya shawarar da suke bayarwa ita ce bayan ruwan sama mai ƙarfi a dakata kwana ɗaya kafin a shiga teku, amma a mashigar koguna har kwana uku. Yara kuma sun fi manya haɗiye ruwa, sakamakon gudawa ne da amai ko ciwon kunne da ido kwana ɗaya ko biyu bayan an dawo. Don haka in an tafka ruwa shekaranjiya ko jiya, ko kun iske ruwan ya yi ja, ko yana ɗauke da shara da kumfa mai wari, ko ya yi kore shar, ranar ta yashi ce kawai. Wasu ƙasashe suna auna ƙwayoyin cuta a ruwan suna liƙa sakamakon, akwai kuma shuɗiyar tuta da aka faro a Faransa a 1985 da ake ba wuraren da suka cika sharuɗɗan tsabtar ruwa da tsaro, in kun gan ta alama ce mai kyau, rashinta kuma ba ya nufin wurin ya lalace, ƙananan wurare da yawa ba sa ma nema.

Mai ɗanyen rauni ko sabon ɗinki kar ya shiga ruwan da ke tsakanin gishiri da daɗi in yana da ɗumi, akwai ƙwayar cuta mai suna Vibrio da ke son irin wannan ruwan, ba ta cika kama mutane ba amma in ta shiga ta rauni tana da muni ƙwarai, musamman ga mai ciwon hanta ko ciwon suga. A yankunan da ake fama da tsargiya kuma a tuna dodon koɗin da ke ɗauke da ita a ruwan daɗi yake rayuwa, ba ya jure gishiri, don haka kar a ce bari mu ƙara hawa can sama inda ruwan ya fi daɗi. Akwai ma wasu ƙananan koguna da yashi ke toshe bakinsu gaba ɗaya lokacin rani su zama kamar tafki a bayan gaɓa, iyaye na son su saboda ɗumi da rashin jan ruwa, amma ruwan da ba ya fita ba ya wankuwa, kuma ranar da bakin ya ɓalle bayan ruwan sama gudun da yake yi ba na wasa ba ne, ba wurin tsayawa kallo da yara a gefen yashin da ke zaftarewa ba ne.

Halittun ruwa, kowane ɓangare da nasa. A bakin kogi abin da ya fi yawan sa kuka shi ne ɓawon kawa da ke manne a duwatsu da ginshiƙan gada, kaifinsa ya isa ya tsaga tafin ƙafa, takalmin roba mai rufi ya raba wannan gardama. Akwai kifin nan mai faɗi da ƙaya a wutsiya da ke binne kansa a yashin ruwa mara zurfi, a koya wa yara jan ƙafa a ƙasa maimakon ɗaga ta, in ya ji motsi zai gudu. Da yamma sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sukan fito musamman inda akwai itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, babban teku kuwa iskarsa na kore su. Batun kada kuwa ba abin raha ba ne a arewacin Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya da koguna da dama na Afirka, in akwai allon gargaɗi ko mutanen wurin sun ce akwai, magana ta ƙare, ko bakin ruwan kar a zauna. Kifin shak da kowa ke tsoro, cizon da yake yi ba tare da an tsokane shi ba bai kai ɗari a shekara ba a duk duniya, sai dai akwai nau'insa da ke shiga koguna, shi ya sa ake cewa a guji ruwa mai duhu da asuba da magariba. A buɗaɗɗen teku kuma halittun nan masu santsi kamar leda masu harbi su ne iska ke korowa gaɓa, ko sun mutu a kan yashi suna iya harbi, kar yara su ɗauka.

Sai jirage. Mashigar kogi hanya ce, masunta na fita suna dawowa, ga masu babur ɗin ruwa da wasunsu ba su san doka ba, kan yaro kuma a cikin ruwa ɗan ɗigo ne da matuƙi bai cika hangowa ba. In an kewaye wurin wanka da igiya da balan-balan a zauna ciki, in ba a kewaye ba a yi nesa da inda ake sauke jirage, kuma duk wanda ya ce zai yi iyo ya tsallaka zuwa wancan gefen don ya ga kusa ne, a hana shi, samari sun fi kowa wannan karambanin.

Wajen jin daɗin zama kuwa ya danganta da abin da kuka fi damuwa da shi. Bakin kogi yakan zo da bishiyoyi da ciyawa har kusa da ruwa, iska ba ta watsa muku yashi a ido, daga wurin fakin zuwa ruwa 'yar tafiya ce da keken jariri zai iya, tsofaffi su samu inuwa su zauna suna kallo, kuma da yake wurin ƙarami ne yaro ba ya ɓacewa cikin taro. Amma ƙanƙantar nan na nufin wurin fakin yakan cika da wuri ranar hutu, banɗaki ɗaya ne ko babu, famfon ɗauraye jiki ma haka, wani wurin sabis ɗin waya ma sai an hau tudu, in ruwa ya cika taf kuma yashin da ya rage bai fi a shimfiɗa zane biyar ba. Babban teku yana da fili da banɗakuna da wurin taimakon gaggawa, amma inuwa sai wadda kuka zo da ita, ga tafiya cikin yashi mai zafi da kaya niƙi-niƙi da goyo. Rana kam duka biyun ɗaya ce, ta fi cizo daga ƙarfe 10 zuwa 4, ruwa da yashi kuma suna maido ta fuska, baƙar fata ma tana ƙonewa, a shafa man kariya mai lamba 30 ko sama a sake bayan kowace awa biyu da bayan an fito daga ruwa, jaririn da bai kai wata shida ba kuwa inuwa da sutura ne nasa. Dabarar da ke haɗa komai ita ce ku buɗe jadawali ku nemi ranar da cikar ruwa ta faɗo wajen ƙarfe takwas ko tara na safe, ko kuma bayan la'asar, sai ku samu ruwa mai kyau da rana mai sauƙi a lokaci ɗaya.

Yaran da suka tasa fa, 'yan sha biyu zuwa sama da suka iya ruwa? Gaskiya bakin kogi zai gundure su cikin awa ɗaya sai dai in akwai kamun kifi ko tuƙa ƙaramin kwalekwale, su igiya suke so ta ɗaga su ta yar, kuma yaron da ya gundura shi ne ke fara neman gadar da zai yi tsalle daga kai, a ruwan da zurfinsa ke canzawa kowace awa. Su a kai su teku tsakanin tutoci. In iyalin gauraye ne, ga na goye ga samari, ku nemi wurin da ke da duka biyun, da yawa daga irin waɗannan kogunan tudun yashi ɗaya ne ya raba su da teku, wannan gefen ruwa kwance wancan gefen igiya, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa. Sai dai manya su rabu biyu, kowane rukuni da mai kallonsa, kuma a tsallaka ta kan tudun kai tsaye, kar a zagaya ta ƙarshen yashin inda kogin ke fita, nan ne gaɓar take da laushi tana zaftarewa kuma ruwan da ke gindinta shi ne mafi zurfi da gudu a duk wurin.